Ranar Da Ƙafar Adisa Ta Yi Kore

Assalamu alaikum masu bibiyata. Ni ce dai Labake taku ta Ibadan, wadda kuka ce bakinta ba ya hutawa. Yau ku gyara zama, don abin da ya faru a falonmu ranar Asabar har yanzu in na tuna sai in rasa dariya zan yi ko kuka. Ke kuma da kika rubuto min cewa in dinga haƙuri da iyaye, na gode 'yar uwa, amma ki karanta tukuna.

Ga waɗanda yau suka shigo, ina karatun digiri na biyu a fannin haɗa sinadarai, aikina kuwa abin rufe ciwo ne. Da sitacin rogo nake haɗa shi, da ɓawon jatan lande, da wani sinadari da ba zan wahalar da ku da sunansa ba, sai ruwan zoɓo. In yana cikin sanyi ruwa-ruwa yake. Da ya ji ɗumin fata sai ya kama jikinsa kamar romon ƙafar saniya da ya kwana, ya lulluɓe ciwon, ba ya barinsa ya bushe, ba ya kuma manne masa. Zoɓon shi ne ɗan rahoto. Muddin ciwo na warkewa lafiya, ja yake zama. In ƙwayoyin cuta suka fara cin wurin, ruwan ciwon yakan karkata ɓangaren kanwa, sai jan nan ya juye kore tun kafin wari ya fito. Duk wadda ta taɓa zuba kanwa a zoɓo ta san irin wannan juyin. A kan ɓeraye kaɗai aka ba ni izinin gwadawa. Ɓeraye fa, jama'a.

Firjin ɗakin gwajinmu ya mutu tun kafin azumi, an ce za a gyara, har yau ana cewa. Maami, wato mahaifiyata, tana sayar da ƙanƙara da lemon kwalba, injin wutarta ba ya kwana. Shi ne na juye aikina a robobin askirim na kawo gida, na jera a ƙasan firjinta, na yi wa kowa kashedi. Da na sani da na bar shi ya ruɓe a makaranta.

Akwai Anti Sidi, ƙanwar Baami mahaifina, wadda ta zo mana suna tun ina firamare, har yau ba ta gama sallama ba. Wata rana saurayin 'yarta, wani Kolapo mai zaƙin baki, ya zo yana neman shiga. Ya tarar Anti za ta kaɗa miyar lalo, ya karɓi kanwar ya ce shi zai jiƙa mata, da hannunsa ya dama. Daga nan ya buɗe firji neman ruwa, ya ga robata, ya zaci kayan zaƙi ne, ya tsoma yatsa. Wurin ya yi kore shar. Ba a rufa mako ba aka gano 'yan mata uku ya yi wa alkawarin aure, da zobe iri ɗaya, daga shago ɗaya.

Anti Sidi ta zaunar da ni, ta riƙe hannuna, idonta har da ƙwalla.

"Labake, ashe abin da kike karantawa ke nan kika ɓoye mana? Maganin kama maƙaryata?"

"Anti, kanwa ce a hannunsa."

"Kanwa ce ta ba 'yan mata uku zobe?"

Ku faɗa min, da wace amsa ake amsa wannan?

Kafin in ankara gidanmu ya zama kotu. Ina makaranta mata ke jawo mazajensu da samarin 'ya'yansu, Anti ta ɗebo da cokalin shayi ta zuba a faranti, mutum ya tsoma yatsa. Mijin maƙwabciyarmu, bawan Allah magini da ya taso daga kwaɓa siminti, ya tsoma ya yi kore, sai da ya yi ta kwana a shagon ƙaninsa. Baba Rasaki mai lemo kuwa, wanda ya taɓa rantse mana cewa ya ga kifi yana tsallaka titi a Mokola, ya tsoma ya fito ja zur, don hannunsa kullum cikin ruwan lemo yake. Yanzu shi ake kira shaida in an yi rigima a layinmu. Na yi bayani har muryata ta dushe. Na ɓoye robobin a bayan kifi, aka gano. Maami ta ce, "Ke dai ba kya son a san Allah ya ba ki baiwa."

To ana cikin haka aka sa ranar da dangin Adisa za su zo gabatar da kansu.

Adisa malamin lissafi ne a sakandare, dogo, mai sanyin magana, irin mutumin da in mai tasi ya yi masa rarar canji zai bi shi da gudu. Ina son sa, ba na jin kunyar faɗa. Shi kaɗai ne namijin da na yi wa bayanin aikina ya saurara har ƙarshe, ya kuma tambaye ni ko ɓerayen suna jin zafi. Baami ya yarda da shi tun ranar da suka zauna kallon ƙwallo tare. Amma Maami ta ce ita ba ta aurar da 'ya da ka. An bincika gidansu, babu hauka, babu sata, saura abu ɗaya.

"Zai tsoma," in ji ta, tana tsince wake.

"Maami, don girman Allah."

"In ba shi da abin ɓoyewa, tsoron me kike ji?"

Tsoron sabulu nake ji, jama'a. Tsoron allin da yake rubutu da shi. Aurena ya rataya a kan abin da mutum ya taɓa kafin ya fito daga gida. Na shige ɗaki na jawo waya.

Ni: Ka sayi lemon tsami.

Adisa: Mura kike yi? Sannu.

Ni: Ran Asabar ka goge hannunka da shi kafin ka shigo. Har ƙarƙashin farce.

Adisa: Labake, wannan ba satar amsa ba ce?

Ni: Jarrabawar kanta ƙarya ce!

Adisa: In ƙarya ce me ya sa zan yi mata shiri?

Kun ji irin mutumin da na ɗauko wa kaina. Sai da na tura masa saƙon murya ina kuka sannan ya ce to. Na tambaye shi me ya sa kwanan nan ba ya leƙowa, ya ce takardun jarrabawar yara ne suka danne shi. Na yarda, don Adisa ne.

Ran Asabar gida ya cika. An goge tayil har mutum na ganin fuskarsa, an cire ledar kujeru, abin da ba a yi ko da Sallah. Amala na tururi a kula, ga miyar wake ta Maami, ga lalo, ga naman akuya. Ni kuwa an naɗe ni cikin leshi ruwan zuma, buba da zani, an ɗaura min gele a kai, ɗankwali mai faɗin da sai na karkace nake wuce ƙofa, ya matse min kunne har ina jin bugun zuciyata a ciki. Anti Sidi ta ci ado da shuɗin leshi, ta ajiye farantinta da cokalinta a kan teburin tsakiya, ta rufe da farin ƙyalle.

Ta labulen ɗaki na leƙa na ga shigowarsu. Kawunsa a gaba, mahaifiyarsa, sai masu ɗauke da doya da kwandon 'ya'yan itace. Adisa na baya cikin farar babbar riga, hula a karye gefe. Yana ɗingishi. Goshinsa na naso alhali fanka na kansa. Na ce a raina tsoro ne, wayyo bawan Allah.

Ya zo gaban Baami da Maami ya kwanta rub da ciki kamar yadda kowane ɗan mutunci yake yi, ƙirji a ƙasa. Aka sa masa albarka, aka ce ya tashi. Ya ɗan jima kafin ya iya.

Aka fito da ni, na durƙusa na gaida kowa. Bayan an yi addu'a an gabatar da dangi, Anti ta yaye ƙyallenta.

Kawun Adisa ya leƙa farantin. "Wannan kuma fa? Ci ake yi?"

Anti ta ce, "Ɗan abin gidanmu ne, Baba. Yatsa kawai zai sa."

Adisa ya kalle ni, ya tsoma. Ja. Ya zauna ja. Maami ta ɗaga hannu sama tana hamdala.

Sai Anti Sidi ta ɗaga hanci.

"Wa ya yanka lemon tsami a gidan nan?"

Ta kamo hannun Adisa ta shinshina kamar mai sayen kifi. Ta juyo ta kalle ni, kallon da ya sa gelen ya ƙara matse ni.

"Hannu ana yi masa dabara," ta ce. "Ɗazu da ya kwanta na ga tsumma ɗaure a ƙwaurinsa. Ɗana, ɗage wandon."

"Anti, ba komai ba ne, ɗan..."

"Ɗage."

Ya ɗage. Ya kwance tsumman. Innalillahi! Ƙuna ce, faɗin tafin hannuna, gefenta ya kumbura yana sheƙi, an shafe ta da wani abu fari da wani abu baƙi.

Na manta da surukai, na manta da kunya. "Adisa! Mene ne wannan?"

"Salansar acaɓa ce," ya ce a hankali. "Tun wancan makon."

"Me ka sa mata?"

"Man goge baki. Sai mai gadin makarantarmu ya ce ɗanyen ƙwai. Sai wani ya ce baƙin mai."

"Asibiti fa?"

Ya sunkuyar da kai. Mahaifiyarsa ce ta amsa daga kujera. "Wannan? Tun yana yaro in ya ga allura sai an kira maza sun danne shi."

Ina cikin wannan ban lura Anti ta aika an ɗauko sabuwar roba daga firji ba. Na dai ga ta goge wurin da ƙyallenta, Adisa ya ciji leɓe.

"Anti kar ki zuba! Ba a gwada shi a kan mutum ba! Ɓeraye kawai!"

"Yatsun unguwar nan duka na ɓeraye ne? Matsa. Jini ba a goga masa lemo."

Ta tuttula.

Jama'a, zan faɗa muku gaskiya ko da za ku zage ni. Na ga ruwan nan ya bi ƙwaurinsa, ya ji ɗumi, ya tsaya cak, ya kama jikinsa ya rufe ciwon lif, daidai yadda na yi ta roƙon Allah ya yi. Sai daga tsakiya jan ya fara dusashewa. Ya yi ruwan toka. Ya yi shuɗi-shuɗi. Ya tafi kore, koren ganyen lalo, yana bazuwa zuwa gefe. Rabin zuciyata na ihu cewa ƙafarsa ta ruɓe, ɗaya rabin na rawa cewa aikina ya yi. Allah ya yafe min, sai da na zaro waya na ɗauki hoto.

"Kore!" Anti ta kwarma ihu. "Kore shar! Ko na Kolapo bai kai wannan ba!"

Falo ya hargitse. Maami ta dafe ƙirji. Ni ina cewa ku saurara, ciwon ne ya kamu, ba wanda ya ji. Shi kuwa Adisa ya zuba wa ƙafarsa ido, zazzaɓi da tsoro sun haɗu masa. Mutumin da ya fi kowa sanin bayanin aikina, sai ga shi ya zame daga kujera ya sake kwanciya rub da ciki.

"Ku yafe min. Na goga lemon tsami."

"Adisa yi shiru!" na ce.

"Takalmin nan ba nawa ba ne, na abokina ne. Ba takardun yara suka hana ni zuwa ba, ƙafar ce. Maami, miyar wakenki, ban taɓa son ta ba, haɗiyewa kawai nake yi."

Maami ta ce, "La'ilaha illallahu. Har ƙari yake nema!"

"Ranar da na ce cunkoso ya tare ni a Dugbe, barci na yi. Baami..." Ya ɗago kai. "Ƙungiyar ƙwallon da kake so, ni ba ita nake so ba. Ranar da aka ci ku na yi murna a banɗaki."

Baami ya cire tabarau ya ajiye. Ban taɓa ganin fuskarsa haka ba, ko ranar da aka sace masa mota.

Kawun Adisa ya miƙe yana gyara riga. "Mu ba mu zo a zuba wa ɗanmu miya a ƙafa ba. Ku kwashe doyar nan."

"Dakata," in ji Baami. Ya juyo gare ni. "Omolabake." In ya kira cikakken sunana, magana ta ƙare. "Ke kika haɗa abin nan. Tun farko kina cewa ƙarya ne, ƙarya ne. Yanzu a gaban baƙi ki faɗa min. Koren nan ƙarya yake yi, ko gaskiya yake faɗa? In kin ce shirme ne, a goge, a zuba abinci, a sa rana. Maganar ƙwallo ni da shi ne."

Ga ƙofa a buɗe, jama'a. Kalma ɗaya ce, shirme. A goge, a ci amala, a yi ta hotuna har magariba, Adisa ya mayar da tsummansa ya tafi gida yana murna ya tsira daga allura. Na san shi. In na ce shirme ne a gaban mutane, ko da igiya ba zan ja shi asibiti ba. Na kalli ƙafar. Daga saman ciwon wani jan layi ya fara hawa wajen gwiwa. Wannan ba ya jiran a gama biki.

"Gaskiya yake faɗa, Baami. Amma ba irin..."

Ihun Anti ya cinye sauran. "Ta faɗa da bakinta! Mai abin ta faɗa!"

Mahaifiyar Adisa ta fashe da kuka. Aka fara fita da doya. Na cire gelen na jefar a kujera, kunnuwana suka dawo duniya, na kama hannun Adisa na ɗaga shi. Jikinsa kamar murhu.

"Tashi, asibiti za mu."

"Allura za su yi min?"

"Guda goma in Allah ya yarda. Tashi!"

Baami ya ce, "Labake, in kika bi yaron nan kika fita ƙofar nan, kada ki ce ban faɗa miki ba."

Ban taɓa take maganarsa ba tun da aka haife ni. Na durƙusa a bakin ƙofa, na ce ya yi haƙuri, na miƙe na ja mutumina muka fita, shi da takalmin aro, ni da silifas ɗin wanka.

Na tare tasi na tura shi baya. Kafin direba ya ja, ƙofar gaba ta buɗe, Maami ta faɗo ciki da gelenta a karkace.

"Ba rakiya na zo ba," ta ce ba tare da ta waiwayo ba. "Zuwa na yi in mayar da ke gida."

A hanya na sayi ruwan leda ta taga na wanke masa abin tas, don ban san me zai yi wa jikin mutum ba. Adisa ya fara sambatu, yana ba kujerar direba haƙuri. Muka faɗa wani rami, kansa ya yi gaba ya bugi kafaɗar Maami. Ta kai hannu za ta ture shi, hannun ya sauka a goshinsa. Ba ta ɗauke ba. Na ga ta ciro gefen mayafinta ta share masa zufa, tana ƙunƙuni.

"Miyata ce ba ka so. Shekara nawa ina dafa ta, ba wanda ya taɓa faɗa."

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta kalli ƙafar sau ɗaya ta ƙwala wa masu tura keken marasa lafiya kira. "Wane ne ya bar wannan ya kai haka? Ku shiga da shi, a kira likita!" Aka tura shi, yana miƙo hannu yana kiran sunana kamar za a yanka shi. Na bi su, matar ta tare ƙofa da hannu.

"Iyali kawai. Ke wace ce tasa?"

Na tsaya. Ɗazu da safe ina da amsa, yanzu an kwashe ta tare da doya. Maami na tsaye a bayana, ina jin numfashinta a wuyana.

"Matarsa ce," na ce.

Ma'aikaciyar ta kalli hannuna ba lalle ba zobe, ta kalli Maami. "Mama, haka ne?"

Maami ta gyara gelenta.

"Maƙaryaci ne," ta ce. "Amma yau an juye shi kaf a gabana, na ga ƙarshen abin da ke ciki, takalmi ne da miya. A ina zan sami surukin da na san duk ƙaryarsa? Buɗe mata."

Matar ta janye hannu. Na juyo zan rungume Maami, sai wayarta ta ɗauki ƙara a cikin jaka. Ta ciro, muka kalli fuskar wayar tare. Baami ne. Daga ciki kuma Adisa ya kurma ihu, da alama ya hango allurar.

Maami ta tura ni da gwiwar hannu.

"Je ki danne naki," ta ce. "Ni bari in ji da nawa."

Ta juya min baya, ta kara wayar a kunne, na ji muryarta ta yi laushi irin wadda ban taɓa jin ta yi wa kowa ba. "Alhaji, ka ci abinci kuwa?"